Mahaifiyata zata Hajji amma tsoron jirgi ya hana ta barci, in ba ta maganin barci?

Tambayar 'yar'uwarmu a taƙaice: mahaifiyarta ta samu kujerar Makka bana, ta haura shekara 60, tana da hawan jini, bata taɓa shiga jirgin sama ba, kuma tunda aka fara bita barci ya ƙaurace mata har tana cewa ko a bai wa wani kujerar. Ita ma 'yar da zata raka ta da ta hau daga Kano zuwa Legas ta sha wuya, kunne ya toshe, zuciya ta tashi, jirgi na jijjiga tana salati. Tana so ta san ko akwai maganin barcin da za a ba Hajiya har a sauka.

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya sa Hajiya ta je lafiya ta dawo lafiya, ya karɓi ibada. Ni matuƙin jirgi ne, a kwalejin Zariya na koyi aikin, wadda aka kafa tun 1964, kuma na yi jigilar alhazai, don haka iyayenmu irin su Hajiya ba baƙina bane.

Bari in fara da maganin barcin. Dan Allah kar ki je kemis ki sayo ki ba ta. In jirgi ya lula yana can wajen ƙafa 35,000, iskar ciki matse ta ake ta zama daidai da ta tudu mai ƙafa 6,000 zuwa 8,000, wato kusan tsayin dutsen Chappal Waddi na Taraba da ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mai lafiya ba zai ma lura ba, amma ki haɗa ƙarancin oksijin ɗin nan da ƙwayar da ke rage numfashi a jikin dattijuwa mai hawan jini, kinga an ɗauko wata rigimar. Sannan wanda ƙwaya ta kwantar zai sandare waje ɗaya awa huɗu biyar ko ƙafa bai motsa ba, wannan ke jawo gudan jini a ƙafa. Wasu tsofaffin ma maimakon barci ruɗewa suke yi su miƙe suna neman ƙofa. Ga kuma Saudiyya basa wasa da irin su tramadol da kodin da diazepam in babu takardar likita. In har akwai abin da zata sha, likitan da ke duba hawan jininta ne zai rubuta, kuma ta gwada shi a gida tukuna ba ranar tafiya ba.

Abin da zai yi mata aiki ya fi ƙwaya arha, sai dai ke zaki yi wahalar. Tsoron jirgi rabinsa rashin sani ne, rabinsa kuma jiki ne ke tayar da shi. An ɗaure mutum a kujera, baya ganin gaba, baya ganin direba, sai ya ji ƙum! a ƙarƙashin ƙafarsa babu wanda ya ce masa ga abin da ya faru, to zuciya ce zata ba shi amsa, ita kuwa amsarta kullum ɗaya ce, shikenan mun tafi. Amma in an riga an gaya masa bayan tashi zaka ji kaza, in ya ji sai ya ce au ashe wannan ne. Don haka daga yau har ranar da za a kira ku sansanin alhazai ki riƙa ba ta labarin tafiyar kaɗan-kaɗan. Ki kuma hana yaran gida yi mata dariya, da masu cewa rashin tawakkali ne, wallahi na ga manyan malamai da sojoji gumi na keto musu a kujera.

Kuma kar ki ce mata ai jirgi baya faɗuwa, ta girme ki, ta san abin da ta gani. Duk wanda ya kai shekarunta a Kano yana tuna 4 ga Mayun 2002 da jirgi ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, yana tuna Oktoban 2006 da muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido jim kaɗan bayan tashinsu daga Abuja, wasu ma suna tuna alhazan da suka taso daga Jidda za su Sakkwato a 1991, mutum 261, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Gaskiyar da zaki gaya mata ita ce a wannan sana'ar ba a binne hatsari a wuce, sai an tono sanadi an canza doka. Bayan na Gwammaja gwamnati ta dakatar da wannan samfurin jirgin gaba ɗaya. Na 2006 iskar hadari ce mai juyawa farat ɗaya ta same su suna tashi, jiragen yanzu kuwa suna da na'urar da ke hango irinta ta yi mana gargaɗi tun muna kan titi. Shi ya sa in aka ce an ɗage tashi saboda hadari ko hazo ya rufe gari mutane na ta zagin kamfani, ni a raina nakan ce wannan jinkirin da rayukan bayin Allah aka koye shi.

In kina son lissafi, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya IATA ta ce a 2023 an yi tashi wajen miliyan 37, kuma babu jirgin fasinja mai injin jet ko ɗaya da ya yi hatsarin da ya ci rai, ɗayan da ya faru mai farfela ne a Nepal. Titunan Najeriya kuwa, waɗanda suka mutu a hatsarin mota da hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ke iya ƙirgawa kaɗai sun haura mutum 5,000 a shekara. Sai dai lissafi baya hana gaba faɗuwa, ki faɗa mata sau ɗaya ki wuce.

To ga yadda abin zai kasance. Kuna shiga wataƙila ku ga wani farin hayaƙi na fitowa ta saman ma'ajiyar jaka, ba wuta bace, sanyin ciki ne ya haɗu da danshin waje, an fi ganinsa a Legas da Jidda. Za a rufe ƙofa, mota ta tura jirgin da baya, a tayar da inji, wani sa'in ki ji ɗan warin kananzir don man jirgi danginsa ne. Sai ki ji zuuu daga fiffike, bayansa na zazzagowa yana ƙara faɗi, da gangan ne. In da dare ne za a rage hasken ciki don ido ya saba da duhu.

Sai a hau titin tashi. Inji ya yi ruri, kujera ta danno bayanki, jirgi ya yi ta gudu har ya kai wajen kilomita 250 zuwa 300 a awa, hanci ya ɗaga, daƙiƙu kaɗan sai ƙum ƙum a ƙasa, tayoyi ne suka shige aka rufe musu ƙofa. Yanzu ga wurin da nake so ki riƙe da kyau, don nan ne ake fara kalmar shahada da ƙarfi a bayan jirgi. Kamar minti ɗaya bayan tashi, muna wajen ƙafa 1,000 zuwa 1,500, sai mu rage wa inji wuta mu ɗan sauke hanci. Ƙarar nan ta ragu farat ɗaya, mutum ya ji an sake shi yana zurmawa ƙasa, kowa ya ɗauka inji ya mutu. Wallahi a lokacin hawa muke yi, ko taku ɗaya bamu sauko ba, ƙarfin da aka tashi da shi ne ba a barin inji a kai da daɗewa, shi kuma cikin kunne da ke kula da daidaiton jiki da an rage saurin hawa sai ya gaya wa ƙwaƙwalwa faɗuwa ake. Ki maimaita wa Hajiya wannan har sai ta gaji da ji, in ya zo ki riƙe hannunta ki ce Umma ga wurin nan da na faɗa miki.

Bayan nan jirgi zai karkata, ta taga ɗaya ƙasa ta ɗaya sama zalla, haka yake yin kwana. Ƙararrawar nan mai ding ding yawanci ma'aikata ne ke kiran junansu ko mu ke sanar da su mun wuce ƙafa 10,000.

Wajen sauka, saura kamar rabin awa inji zai yi sanyi, alluna su miƙe a saman fiffike jirgin ya ɗan yi rawa, taya ta fito da ƙara da hucin iska, a dira, wani sa'in da ɗan ƙarfi musamman in titi a jiƙe yake, da gangan muke yi don taya ta kama, sai inji ya sake ruri, wannan birki ne iskar ake juyawa gaba. In kuma kun kusa taɓa ƙasa kika ji an ba shi wuta an sake hawa kar ranki ya tashi, matuƙi ne bai gamsu da yadda saukar ta daidaita ba ko akwai wani a kan titi sai ya zagayo, abu ne da muke maimaitawa a na'urar gwaji duk wata 6, kuma ba zai yi muku magana nan take ba don hannunsa na kan aiki.

Sai babbar magana, jijjiga. Babu wani rami a sararin sama da jirgi ke faɗawa, iska ce ke motsi wata na hawa wata na sauka, jirgin kuma a cikinta yake. Ki duba shirwa ko ungulu da rana tsaka a watan Afrilu yadda suke ta hawa suna kewaye ko fiffike basa kaɗawa, ƙasa ce ta yi zafi iskar da ke tashi daga kanta take ɗaga su, to ita ce dai ke dukan jirgi in zai tashi ko zai sauka a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri da azahar. Shi ya sa jirgin safe ya fi laushi, in tafiyar cikin gida ce kuma kina da zaɓi shi zaki ɗauka. Da damina kuma gizagizan hadari ne, waɗannan muna ganinsu a na'ura tun daga nesa, kore da rawaya da ja, jan bama shiga sam, kewaye muke ko da zai ƙara mana lokaci, abin da kuke ji gefe-gefensa ne. Akwai ta uku mai zuwa sama na garau babu gajimare, ita na'ura bata ganinta, sai dai jiragen da ke gabanmu su faɗa ta rediyo mu nemi izini mu ƙara sama ko mu sauko.

Abin da ke kike ji an rikito da nisa, a agogon tsayi da ke gabana sau da yawa 'yan ƙafa ne kawai suka motsa. Fiffiken da kike gani yana lanƙwasa haka aka ƙera shi, da sandararre ne da shi ne abin tsoro. A 2010 kamfanin ƙera jirage na Boeing sun gwada fiffiken jirginsu samfurin 787 a masana'anta, aka ja shi sama har wajen ƙafa 25 da nauyin da ya ninka mafi munin abin da ake tsammani sau ɗaya da rabi, bai karye ba.

Wanda jijjiga ke ji wa ciwo shi ne wanda bai ɗaura bel ba. A Mayun 2024 wani jirgin Singapore da ya taso daga Landan ya gamu da mai tsanani ƙwarai, mutane da dama suka ji rauni, dattijo ɗaya ya rasu, aka karkata zuwa Bangkok, jirgin kansa ya sauka lafiya, waɗanda basu ɗaure ba ne aka ɗaga aka buga da rufi. Don haka bel ɗin Hajiya ya zauna a ɗaure a ƙugu ba a kan ciki ba, ko an kashe fitilarsa, ko barci take, kuma a saman bargo yadda ma'aikata za su gani ba sai sun tashe ta ba. In ana jijjiga kar ta ƙanƙame kujera, mai sandarewa ya fi jin kowane bugu, ta saki jiki ta jingina kai. In kika ji an ce ma'aikata ma su zauna, kare su ake daga keken abinci da ruwan shayi, jirgin lafiyarsa ƙalau. Wajen zama kuma kusa da fiffike ya fi kwanciya, can wutsiya ya fi ko'ina rawa, ki roƙa tun wajen awo ki ce tsohuwa ce karon farko, sau da yawa ana taimakawa.

Maganar inji ba sai na ja ba. Mai inji biyu yana iya tashi ya yi tafiya ya sauka da guda ɗaya, sai ya nuna hakan ake ba shi lasisi. Ko duka sun tsaya shawagi yake, a 2009 Kyaftin Sullenberger ya sauke nasa a kogin Hudson na New York bayan tsuntsaye sun kashe injinan biyu, mutum 155 duk suka fita da rai. Ƙofa ba mai iya buɗe ta a can sama, matsin iska ya danne ta. Abin rufe hanci na oksijin in ya faɗo daga saman kujera saboda iskar ciki ta ragu ki ja ki sa naki kafin na Hajiya, na san zuciyarki ba zata so ba amma a wannan tsayin ƙasa da minti ɗaya gare ki kafin kai ya juye, in kin suma ku biyu kenan babu mai taimakon wani.

Yanzu jiki, wanda shi ya wahalar da ke a hanyar Legas. Kunne ya fi ciwo wajen sauka, don iskar ciki na ƙara matsi tana danna dodon kunne, ita kuma 'yar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro sai an haɗiyi yawu ko an yi hamma take buɗewa. Da kin ji an fara gangarowa ki tashe ta in barci take, ki ba ta alawa ta tsotsa ko cingam ko ta riƙa kurɓar ruwa, kar a jira sai ciwo ya kama. In ya toshe ta matse hanci da yatsu ta rufe baki ta hura a hankali, a hankali fa, zata ji ya buɗe. Mai goyo ta ba jariri nono a daidai lokacin, kukan da suke yi wajen sauka kunne ne. Mura ce babbar matsala don tana kumbura hanyar, kuma kin san murar Makka bata barin kowa, in ta kama Hajiya wajen dawowa ku ga likitan tawaga, ki kuma faɗa masa tana da hawan jini don wasu magungunan mura suna ɗaga shi. Mu kanmu in mura ta kama mu sosai bama tuƙi.

Ciki kuma, iskar da ke hanji tana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu in an hau sama, don haka tun daren tafiya a haƙura da wake da alale da ɗanwake da ƙosai da lemo mai gas, kumburin nan yana danno ƙirji mutum ya ɗauka zuciya ce tsoro ya ƙaru. Kar kuma ta shiga da yunwa, zaman jira a sansani yana iya cin yini, a ci abu mara maiƙo. Goro da shayi mai kauri suna sa bugun zuciya a rage su, goron ma dai an hana shiga da shi Saudiyya. Ke mai saurin amai ki tauna citta, ki buɗe 'yar fankar da ke saman kanki iska ta riƙa dukan fuska, ki ajiye waya, ledar amai tana aljihun kujerar gabanki ki ciro ta tun kafin a tashi.

Ga wata matsalar da ba kasafai ake faɗa a bita ba kuma ita ta fi damuna. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, danshinta baya kai kashi 20 cikin 100, kamar tsakiyar hunturu a Kano, leɓe ya bushe maƙogwaro ya bushe, amma iyayenmu sai su ƙi shan ruwa tun daga gida don kar fitsari ya kama su, ga kunyar tashi a gaban mutane ga tsoron banɗakin da basu sani ba. Akwai wata tafiya da shugabar ma'aikata ta kira ni ta ce wani dattijo ya galabaita jiri na ɗibarsa, aka ba shi oksijin aka yi ta tambaya, ashe tun asuba bai sa ruwa a bakinsa ba ga shi da ciwon suga, sai da aka samu wani ɗan garinsu ya raka shi banɗaki ya nuna masa sannan ya yarda ya sha, kafin mu sauka yana ta hira. Don haka karon farko ki raka ta da kanki. Ƙofar turawa ake ta naɗe, in an shiga a ja sakata sai fitila ta ƙara haske, zama ake ba a hawa kai a tsuguna, babu buta sai ki tafi da ƙaramar gora ki tara ruwa a famfon ciki, kar a malale ƙasa don wani zai zame kuma ruwan na tsiyaya inda bai kamata ba. Ki gargaɗe ta cewa in ta danna maɓallin wankewa zai yi wata ƙara mai firgitarwa, iska ce ke zuƙewa bata jan mutum, ta rufe murfin sannan ta danna. Alwala a yi ta a ƙasa kafin shiga, hukuncin salla a kujera da taimama kuma malaman bita za ku tambaya, fagensu ne.

Daga Kano zuwa Jidda ko Madina awa 4 da wani abu ne zuwa 5 in an miƙe, da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe samaniyarsu aka koma kewaye sai tafiyar ta ƙaru. Ta riƙa juya idon sawu tana ɗaga dunduniya tana saukewa, in fitilar bel a kashe take ku ɗan taka zuwa baya ku dawo. In bayan sauka, ko da kwanaki ne, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi ko numfashi ya riƙa yankewa, asibiti kai tsaye kar a tsaya shafa man zafi. Magungunanta duka a jakar hannu cikin kwalinsu da takardar likita, babbar jaka tana iya biyo wani jirgin, ta kuma sha na hawan jininta a kan lokaci ranar tafiya. Ki sa mata safa da rigar sanyi. Masu ciwon zuciya ko asma mai tsanani, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai cikin da ya haura sati 28, su ga likita tun kafin sayen tikiti, mai sikila musamman, don ƙarancin oksijin da bushewa da sanyi duk suna tayar masa da ciwo kuma duk ga su a cikin jirgi.

In duk da haka tsoron ya taso mata a sama, zaki ga gumi, numfashi sama-sama, zuciya na dukan uku-uku, yatsu da leɓe su mutu, ta ce miki mutuwa zan yi. Yatsun nan saurin numfashi ne ya jawo. Kar ki yi ta cewa ki kwantar da hankalinki, a lokacin bata ma jin ki. Ki sa tafin hannunta a kan cikinta, ta ja numfashi ta hanci ki ƙirga huɗu, ta sake shi ta baki a hankali ki ƙirga shida ko bakwai, fitarwar ce mai aikin, ku yi tare. Wanda ya saba da zikiri ya ma fi samun sauƙi, ta ja numfashi shiru, ta sake shi da hailala cikakkiya a hankali, ta ja ƙwayar carbi ɗaya, ta sake. Yawanci cikin minti 10 abin ya kai ƙololuwa ya fara sauka da kansa. Ki danna maɓallin kiran ma'aikata, an horar da su kan wannan, akwai oksijin da akwatin magani a jirgi. Amma in ciwon ƙirji ne mai dannewa yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko baki ya karkace, ko magana ta harɗe, kar ki ce tsoro ne ki faɗa nan take, don irin wannan muna juya jirgi mu sauka a fili mafi kusa.

Addu'ar hawa abin hawa ta cikin Suratuz Zukhruf, aya ta 13 da 14, ki tabbata ta riƙe ta tun yanzu. Ya kuma zo daga sahabbai cewa in suna hawa tudu kabbara suke in suna gangara tasbihi, sai ki raba mata aikin haka, wajen tashi Allahu Akbar wajen sauka Subhanallah, baki da zuciya su samu abin yi a daidai wurare biyun da suka fi tayar da hankali.

In da hali, kafin Hajjin ki kai ta Abuja a jirgin safe ku dawo, tafiyar bata kai awa ɗaya ba, ta ji ƙarar tayar nan da rage wutar nan da kunnenta, ta shiga banɗakin. Na san tikiti ya yi tsada yanzu, in babu hali ki nemo bidiyon tashin jirgi da aka ɗauka daga kujerar fasinja a YouTube ku kalla tare da sauti kina nuna mata, amma ki kula kar wayar ta jawo muku bidiyon hatsari a bayansa, ki kuma roƙi 'yan'uwa su daina turo mata irinsu a WhatsApp. Ranar tafiya kuna shiga ki gaya wa ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa cewa karon farko ne kuma tana jin tsoro, za su riƙa leƙo ta. In kuwa rashin barcin nan ya ci gaba har ta daina cin abinci ko ta dage sai ta fasa, ku je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa da ku, ki lallaɓa ta ki nuna mata ba wai an ce ta haukace bane, zama ne na magana da ake yi na 'yan makonni ana saba wa mutum da abin da yake tsoro a hankali a hankali, kuma yana aiki sosai a kan tsoron jirgi, sai dai yana son lokaci, don haka kar ku bari sai an fara kiran sunaye.